Rediyo Ɗaya, Kwamfuta Biyu

A Tarauni, idan baƙo ya nemi gidan Alhaji Ɗanliti mai tayil, ba a yi masa dogon kwatance. Cewa ake ya ɗaga kai. Inda duk ya hango wani ƙarfe ya miƙe sama da haƙarƙari shimfiɗe a kansa kamar ƙayar kifi, to nan ne. Eriyar rediyo ce. Mutanen unguwa 'yan oba-oba suke kiran masu taruwa a gidan, saboda "oba" ɗin Turanci da masu rediyo ke rufe magana da shi, su kuwa sunan yana ƙona musu rai. A wurinsu ƙungiya ce ta masu sha'awar rediyo, kowa da lasisinsa, kowa da lambar kiransa, suna magana da takwarorinsu na ƙasashen duniya ba waya ba intanet, iska kawai ke kai musu murya.

Ƙungiyar ba ta cika tabarma ɗaya ba, amma muƙamai kam akwai su. Alhaji ne shugaba, tunda rediyon nasa ne, eriyar tasa ce, dambun naman da ake ci ma na gidansa ne. Mataimaki kuwa Baba Kolawole ne, Bayarabe haifaffen Sabon Gari, wanda ya yi ritaya daga sashen ɗaukar hoton ƙashi na asibitin koyarwa, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Akwai wasu mutum biyu da ba a ganinsu sai an ɗora tukunya. Sai sakatariya, Zulaihat.

Zulaihat nas ce a sashen gaggawa na asibitin, tana zaune a Gyadi-Gyadi da mijinta Mukhtar, malamin sakandare. Wani kwas aka taɓa tura ta kan yadda ake sadarwa idan ambaliya ta katse waya, a can ta fara jin muryar mutum ta taso daga wata duniya cikin shuuu ɗin rediyo, abin ya shiga ranta bai fita ba. Ta yi karatu, ta ci jarrabawa, ta karɓi lasisi. Ranar da ta fara zuwa gidan Alhaji ta ɗauka wurin masana ta zo. Ba ta daɗe ba ta gane cewa rediyon ya fi shan goga da tsumma a kan kunnawa. Dattawan nan biyu tun suna samari suke abota, kuma tun suna samari suke musun wa ya fara magana da Japan.

Ita ta kawo maganar gasar, abin da ta daɗe tana cizon yatsa a kansa. Gasa ce ta duniya da ake yi a ƙarshen mako: kowace tasha ta yi ƙoƙarin tuntuɓar tashoshi da yawa gwargwadon iko. Duk wanda kuka gaisa, ka ba shi lamba bi da bi, na farko ɗaya, na biyu biyu, shi ma ya ba ka tasa. Bayan an tashi kowa ya aika da rajistarsa, alƙalai su gwada ta wannan da ta wancan, inda lambobi suka dace a ba da maki. Da can da biro ake cikawa. Yanzu alƙalan sun ce sai ta kwamfuta, don haka dole ƙungiya ta zaɓi manhajar da za ta riƙa shigar da kira.

A zaman farko Alhaji ya buɗe kwamfutarsa da bismilla.

"Wannan Haisam ne ya turo min daga Malesiya," ya ce, yana nufin babban ɗansa. "Ku duba nan. Da zarar ka shigar da mutum, sai taswirar duniya ta ja zare daga Kano har ƙasarsa, ta kuma buga ƙararrawa. Ka ga aiki da idonka."

Baba Kola ya leƙa, ya taɓe baki.

"Ɗanliti, gasa za mu shiga ko gidan kallo za mu buɗe? Ga ta ƙwararru nan." Ya juyo da tasa: baƙin allo da fararen haruffa, ba ado ko ɗaya. "Abokina na Jamus da ita yake aiki. Ba zare, ba ƙararrawa. Wanda ya san hanya ba ya neman taswira."

"Wannan ai allon makoki ne."

"Taka kuma lallen amarya."

Zulaihat ta riga ta gwada duka biyun a gida, wata ranar hutunta, tana jiran wake ya dahu. Kowacce tana ƙirga lamba, kowacce tana faɗa maka idan ka taɓa magana da mutum, kowacce tana fitar da abin da alƙalai ke so. Sai ta gyara murya.

"Baba Alhaji, ni na duba su. Duk wadda aka ɗauka za ta yi. A dai tsaya a kan ɗaya."

Alhaji ya dube ta ta saman gilashinsa, da irin murmushin da ake yi wa yaro idan ya tsoma baki a zancen gado.

"Sista, ke dai rubuta abin da manya suka faɗa."

Baba Kola, wanda bai yarda da Alhaji a kan komai ba tun da aka zauna, ya gyaɗa kai.

Daga ranar Zulaihat ta kulle bakinta. Ta ce a ranta, to, manya, ga fili ga mai doki. Aka yi ta zama mako bayan mako. Alhaji ya zo da bugaggun takardu masu launi da ya sa aka ciro masa a shagon kwamfuta, bai karanta ko ɗaya ba. Baba Kola ya zo da saƙon Bajamushen nan, ya karanta shi da ƙarfi har da gaisuwar iyali. Aka ce a kaɗa ƙuri'a. Masu cin dambun nan biyu suka dubi juna, ɗaya ya bi mai gida saboda gobe, ɗaya ya bi Baba Kola saboda shi ke duba masa takardun asibiti. Aka juyo ga Zulaihat ta raba gardama.

"Ni ai mai rubutu ce," ta ce, ba ta ko ɗaga kai ba.

Duk abin da ta haɗiye a gidan Alhaji, a gaban Mukhtar take amayar da shi. Takan tsaya tsakiyar falo ta kwaikwayi yadda Alhaji ke neman harafi da yatsa ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ta kuma kwaikwayi Baba Kola yana ambaton Jamus kamar can aka yanke masa cibiya. Mukhtar ya yi dariya har ya riƙe ciki.

Ranar da ta dawo da labarin hukuncin ƙarshe ne dariyar tasa ta tsaya.

"Sun daidaita," ta ce tana cire takalmi. "Alhaji ya ce Allah ya kawo masa wata hikima. Da duka biyun za a yi. Shi a dama da tasa, Baba Kola a hagu da tasa, ni a tsakiya da makirfo. Kowa ya shigar, kowa ya faɗa min lamba."

"To ai shi ke nan, an huta."

"An huta? Malam, rediyo ɗaya, masu ƙirga biyu. Da zarar ɗaya ya tsallake mutum guda, lambobinsu sun rabu ke nan har a tashi. Ni kuma baki ɗaya gare ni."

"Kin faɗa musu?"

"An ce in rubuta abin da manya suka faɗa."

Mukhtar ya girgiza kai.

"Zulai, ke fa kika fi kowa son gasar nan. Su ko an yi ko ba a yi ba, dambunsu za su ci. Idan rumfar ta faɗi, a kanki za ta faɗi."

"Faɗan da ba ruwanka daɗin kallo gare shi," ta ce, ta shige kicin.

Ranar Asabar ɗin gasar, Zulaihat ta iso bayan azahar ta tarar da gidan kamar ana suna. Alhaji ya sa an jera kujerun roba a tsakar gida, an buɗe tagar ɗakin rediyo, an fito da lasifika waje don baƙi su ji. Ya gayyato abokan kasuwarsa, da limamin masallacin layin, da wasu maƙwabta da suka shekara suna tambayar amfanin ƙarfen nan. Shi kansa ya sha babbar riga ruwan ƙwai da hula zanna, sai ka ce ɗaurin aure za shi. Baba Kola kuwa ya zo da wata tsohuwar hular hana-salla mai lambar kiransa a goshi.

Ta zauna tsakaninsu, ta sa abin ji a kunne ɗaya, ta jawo fedar da ake takawa idan za a yi magana kusa da ƙafarta. Ta murɗa maɓallin rediyon ta samu gurbi, ta taka, ta yi kira da Turanci, ta faɗi lambar ƙungiya.

Da ta ɗaga ƙafa sai duniya ta rufto mata.

Tashar Najeriya ba kullum ake samunta a gasa ba, don haka kowa so yake. Muryoyi suka hau kan juna, wannan daga Italiya, wancan daga Sifen, wani can ƙasa-ƙasa daga Barazil, kowa yana jefo lambarsa kamar 'yan kasuwar Kwari sun ga dila ta sauka. Zulaihat ta saba da irin wannan a sashen gaggawa, inda mutum goma ke kiranta lokaci guda. Ta riƙa zaro su ɗaya-ɗaya, ta gaisa, ta ba da lamba, ta karɓa, ta sallama, ta kira na gaba. Tsigar jikinta ta tashi. Ta manta da Alhaji, ta manta da Baba Kola, ta manta da duk abin da ta ƙullata. Abin da ya kawo ta gidan nan tun farko ke nan, yau ga shi a hannunta.

A waje baƙi sun yi tsit. Duk sanda ƙararrawar Alhaji ta buga, sai ya leƙa ta taga ya sanar.

"Faransa ke nan! Liman, ka ga zaren? Daga ɗakin nan har Faransa!"

Garin nuna wa liman Faransa ne wani mutumin Holan ya shigo ya fita Alhaji bai shigar da shi ba. Zulaihat ta gaisa da na gaba, ta miƙa hannu alamar a ba ta lamba.

"Arba'in da biyu," in ji Baba Kola.

"Arba'in da ɗaya," in ji Alhaji.

"Da biyu. Ka tsallake mutum."

"Tawa ba ta tsallake. Taka ce ta ƙirga wani sau biyu. Allon da ba ya nuna komai, wa ya san abin da yake yi a ciki?"

Mutumin da ke jira a iska ya sake tambayar lambarsa. Zulaihat ta ce masa ya ɗan dakata. Ta dubi dama, ta dubi hagu.

"Wacce zan bayar?"

Ba wanda ya ji ta. Alhaji ya riga ya miƙe, ya tattare hannun riga, ya ratso ta gaban kujerarta don ya nuna wa Baba Kola kuskurensa a kan allonsa. Ta ja ƙafarta gefe ta ba shi hanya. Takalminsa ya sauka daidai kan fedar, ya kuma tsaya a nan da duk nauyinsa.

Jar fitilar rediyon ta kama, alamar duk abin da aka faɗa a ɗakin yana fita iska.

Zulaihat ta gan ta. Kalma ɗaya ta isa, ko ta ɗan taɓa gefen rigarsa. Ta buɗe baki, sai ta tuna murmushin nan na saman gilashi. Ta rufe bakin, ta naɗe hannu a ƙirji, ta jingina da kujera.

"Kai har ka isa ka gyara min ƙirga?" Alhaji ke faɗa, bakinsa dab da makirfo. "Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a ɗaki mai duhu yana leƙen haƙarƙarin mutane!"

"Gara ni haƙarƙari na leƙa na ceci rai," Baba Kola ya mayar masa. "Kai fa? Ka kafa ƙarfe ya fi hasumiya tsawo, shekara nawa tsuntsaye kaɗai ke amfana da shi! Harafi ɗaya sai ka yi masa cigiya. Kuma Japan ɗin da kake taƙama da ita, ni na murɗa maka, kai sannu kawai ka ce, ita ma muryarka na rawa!"

"Ƙarya kake, Kola! A gidana, a kan rediyona?"

"Rediyonka da ba ka san bayansa daga gabansa ba!"

Haka suka yi ta tonon silili, har da wani tsohon zancen babur da aka ara aka dawo da shi ba madubi. Eriyar da Alhaji ya daɗe yana alfahari da ƙarfinta ta yi aikinta tsakani da Allah, ta kwashi kowace kalma ta watsa wa nahiya uku.

Sai da ya matsa zai fizgo kwamfutar Baba Kola sannan ƙafarsa ta sauka. Fitilar ta mutu. Lasifika ta dawo da shuuu. Duk cincirindon masu kiran nan sun yi shiru, kamar mutanen da suka buɗe ƙofa suka tarar da masu gida ba riga.

Can sai wata murya ta fito tar, da Hausar Kano tsantsa.

"Salamu alaikum, tashar Kano. Baba Alhaji Ɗanliti, ashe kana nan da ƙarfinka. Ibrahim ne, ɗan Malam Isyaku na Daurawa, daga Kanada. Ina gaida Baba Kola, na ji shi ma lafiya lau yake. Don Allah ku yi haƙuri da juna. Ni dai ko arba'in da ɗaya ko da biyu, duk wadda ta sawwaƙa a ba ni, akwai mutane a bayana suna jira."

Wani daga cikin abokan kasuwar Alhaji ne ya fara fashewa. Daga nan tsakar gida ta ɗauka. Liman ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Zulaihat ma ta sunkuyar da kai, daɗi ya cika ta fal. Abin da ta yi makonni tana jira ke nan, ya kuma zo fiye da yadda ta roƙa.

Daɗin bai kai ko'ina ba. Baba Kola ya rufe kwamfutarsa, ya cusa a jaka, ya fice ba sallama. Masu kira suka farfaɗo, suka dawo da yawansu, suna ta maimaita lambar ƙungiya. Zulaihat ta jawo kwamfutar Alhaji gabanta.

"Baba Alhaji, bari in ci gaba ni kaɗai. Zan iya magana ina shigarwa. Yanzu ma aka fara, har gobe ake yi."

Alhaji ya matso kusa da ita. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Ya miƙa hannu ta kan kafaɗarta ya kashe rediyon, ana tsakiyar kiranta. Ɗakin ya yi shiru, sai dariyar waje da ba ta gama mutuwa ba.

Da ta koma gida Mukhtar bai ce na faɗa miki ba. Ya dai dube ta ya kawo mata ruwa, wannan kuwa ya fi mata ciwo.

Sauran abin da ya biyo baya, borin kunya ne. Alhaji ya aika wa alƙalai rajistarsa da sunan ƙungiya. Baba Kola ma ya aika tasa da sunan ƙungiya. Alƙalan suka ga tasha ɗaya da rajista biyu masu ƙaryata juna, suka jefa sunan can ƙasan jeri ba maki ko ɗaya. Labarin faɗan kuwa ya riga sakamakon isowa, don har a kasuwa yara masu ɗaukar tayil sukan tambayi juna, da ɗaya ko da biyu?

Liman ne ya sulhunta dattawan. Da aka kira zama na gaba, Zulaihat ta tarar da su kafaɗa da kafaɗa, suna cin dambu a kwano ɗaya. Alhaji ya yi gyaran murya.

"Sista, mun zauna ni da ɗan'uwana Kola, mun duba lamarin nan ciki da waje. Manhajata ba ta da laifi. Tasa ma, na yarda, ba ta da laifi. Matsalar daga mai riƙe da makirfo ce. Ke kika kawo mana gasar nan ba mu shirya ba, ke ce kuma a gaban rediyo. Wanda ke gaban rediyo shi ke lura da fitila."

"Ƙuruciya ce," Baba Kola ya ƙara, yana kallon kwano. "Za ta koya."

"Saboda haka mun kafa kwamiti na mutum biyu, ni da shi, zai zaɓo manhajar baɗi. Ki rubuta."

Zulaihat ta dubi biron da ke hannunta. Ta rufe shi, ta ajiye a gaban Alhaji da hannu biyu, cikin ladabi.

"Allah ya ƙara girma, Baba Alhaji. Kwamiti mai nauyi irin wannan ya fi ƙarfin rubutuna. A samo wanda hannunsa ya nuna. Na gode da zama."

Ta fito. Tana tayar da mota sai ga Baba Kola da jakarsa, yana ƙwanƙwasa gilashi. Hanyarsu ɗaya, kuma ba ta iya barin dattijo a titi ba, don haka ta buɗe masa. Sun yi nisa, sai cunkoson 'yan adaidaita ya tsayar da su a shigar Gyadi-Gyadi.

"'Yata," ya ce, "ranar nan kin ga fitilar ko?"

Ta gyara riƙon sitiyari.

"Na gani, Baba."

Ya yi wata 'yar dariya ta cikin hanci, ya gyara zaman jakarsa a cinya.

"Ni ma na gani. Tun da ya taka. Shi ya sa na kawo zancen Japan. Na daɗe ina so duniya ta ji wa ya murɗa." Ya juyo yana dubanta da fara'a, kamar wanda ya gamu da ɗan garinsu a baƙon wuri. "Ashe halinmu ɗaya ni da ke."

Zulaihat ta kawar da kai. Ta so ta ce masa a'a, nata daban, ta laluba ba ta samo inda bambancin yake ba. Hanya ta buɗe, na baya suka dame ta da hon. Ta ja motar ta kai shi har ƙofar gida, ya sauka yana sa mata albarka, ya ce ta gaida Malam Mukhtar.